Direbana yana aiki a Intel, amma yana kwaɓewa a Raspberry Pi: wane shinge zan sa?

Tambayar ta fito ne daga wani ƙanenmu ɗan Aboabo da ke karatun injiniyan kwamfuta a KNUST, a kan direba, wato manhajar da ke sarrafa na'ura daga cikin kanel, zuciyar Linux. Ga abin da ya rubuto:

"Salamu alaikum Yaya. Na rubuta ɗan direba a kanel ɗin Linux don aikin kammala karatuna. Akwai zoben ajiya: ɓangare ɗaya yana zuba saƙo a gurbi sannan ya matsar da lambar kai, ɗaya ɓangaren yana duba lambar, in ta matsa sai ya ɗauki saƙon. Ban sa makulli ba, tunda mai rubutu ɗaya ne, mai karatu ma ɗaya. A laftof ɗina mai Intel ya kwana 3 yana gudu lafiya lau. Da na ɗora shi a kan Raspberry Pi 4, jefi-jefi sai mai karatu ya ɗauko tsohon saƙo. Wani abokina ya ce in sa volatile, wani ya ce in watsa smp_mb() ko'ina. Da na sa printk don in ga abin da ke faruwa, sai matsalar ta ɓace. Me ke damun kod ɗin, kuma wane shinge zan sa, a ina?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Da farko dai Pi ɗinka lafiyarsa ƙalau, kada ka koma wurin wanda ya sayar maka ka tada masa hankali. Kod ɗinka tun yana kan laftof a karye yake, Intel ce kawai ta rufa maka asiri kwana 3.

Abin da ka ɗauka a ranka, kuma kowa haka yake ɗauka da farko, shi ne in ka rubuta layi na ɗaya sannan na biyu, duk duniya za ta ga na ɗaya kafin na biyu. Wannan zaton yana da suna a ilimin kwamfuta, sequential consistency. Leslie Lamport ne ya tsara shi a 1979: a ɗauka duk CPU suna bin layi ɗaya zuwa ga memori, kowa aikinsa a jere yadda ya rubuta. Abin yana da daɗin tunani, amma babu wata kwamfuta ko waya da za ka saya a Adum ko Circle yau da take cika maka wannan alkawarin. Alkawarin da take cikawa ƙarami ne: CPU ɗin da ke gudanar da kod ɗin, shi kansa, zai ga ayyukansa a jere. Maƙwabcinsa kuwa ba a yi masa alkawarin komai ba sai in ka nema.

Dalilin kuwa sauri ne. CPU mai gudun gigahaz 3 yana bugu sau 3 a cikin nanosakan ɗaya. Zuwa RAM a dawo yana cin wajen nanosakan 60 zuwa 100, wato bugu 180 zuwa 300 yana zaune hannu rabbana. Rubutu ma haka yake. Kafin CPU ya canza ko da bayit ɗaya, sai ya mallaki dukan layin kash (ɗan memori mai sauri da ke jikin CPU) da bayit ɗin yake ciki, wanda galibi bayit 64 ne, kuma in layin yana hannun wani CPU sai an aika masa ya saki. Ba wanda zai yarda ya tsaya jiran wannan a kowane rubutu. Don haka aka yi wa kowane CPU wani ɗan aljihu da yake jefa rubutu a ciki ya wuce gaba, aljihun kuma ya riƙa juye abin da ke cikinsa zuwa kash a hankali. A Skylake na Intel aljihun yana ɗaukar rubutu 56.

Ka taɓa zama a rumfar dillalin goro ranar da kasuwa ta cika? Wani ya biya bashi, Alhaji ba shi da lokacin buɗe babban littafi, sai ya rubuta a guntun takarda ya cusa a aljihun riga. In ka tambayi Alhaji ko wane ya biya, zai laluba aljihu ya ce ya biya. In ka tambayi yaronsa da ke riƙe da littafi, zai rantse maka da Allah ba a biya ba. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Haka CPU yake: in ya zo karanta abin da shi ya rubuta, aljihunsa yake fara dubawa, shi ya sa bai taɓa ganin wani hargitsi a aikinsa ba. Sauran CPU kuwa littafi suke gani.

To a kod ɗinka mutum uku ne za su iya birkita maka jeri, kuma kowanne maganinsa daban.

Na farko bai ma kai ga ƙarfe ba, kompaila ne, mai juya kod ɗinka zuwa umarnin inji. GCC yana kallon kod ɗinka kamar ba kowa a duniya sai wannan zaren. In ya ga kana duba lambar kai a cikin zagaye kuma ba abin da ke canza shi a zagayen, yana da damar karanta shi sau ɗaya ya ajiye a rajista, ka yi ta juyawa har tashin alƙiyama. Yana da damar musanya rubutu biyu da ba su shafi juna ba, ko ya karanta abu sau biyu inda ka rubuta sau ɗaya, ko ya tsaga rubutu ɗaya gida biyu. Nan ne abokinka mai volatile yake da ƙanshin gaskiya, amma rabinta kawai. Volatile yana ɗaure hannun kompaila a kan wannan gurbin, ba ya gaya wa CPU komai. A kanel ma ba a son a lafta shi a kan gurbi gaba ɗaya, akwai takarda guda a cikin Documentation da aka rubuta don hana hakan. Abin da ake yi shi ne a yi wa taɓawar kanta alama da READ_ONCE() da WRITE_ONCE(). Waɗannan sun shigo a Linux 3.19, suka gaji ACCESS_ONCE(), bayan an gano GCC 4.6 da 4.7 suna iya watsar da volatile ɗin a wasu nau'o'in gurbi. Amma ko ka sa su, Pi ɗinka zai ci gaba da ba ka tsohon saƙo, domin ragowar biyun suna nan.

Na biyu shi ne CPU mai rubutu. Dubi layukanka:

    zobe[kai] = sako;
    kai = (kai + 1) & (GIRMA - 1);

Rubutu biyu ne zuwa wurare biyu daban. A ce layin kash ɗin da zobe[kai] yake ciki yana hannun mai karatu, dole a jira ya saki, amma layin da kai yake ciki ya riga ya zo hannu. A x86, wato irin CPU na laftof ɗinka mai Intel, ba a tsallake layi: rubutu yana fita daga aljihu yadda ya shiga, na biyu zai jira na farko ko da hanyarsa a buɗe take. A ARM kuwa, irin CPU na Pi ɗinka, wanda hanyarsa ta buɗe shi ke wucewa. Cortex-A72 guda 4 da ke cikin Pi 4 suna da cikakken izinin fitar da sabon kai alhali saƙon yana aljihu. Ka ɗauka ka loda huhun goro a mota daga Asafo, ka ɗaga waya ka ce wa ɗan'uwanka a Nima "kaya sun iso". Wayar ta isa cikin daƙiƙa, motar kuwa ko Konongo ba ta kai ba. Ya buɗe sito ya tarar da ragowar na makon jiya, ya sayar wa mutane da sunan sabo.

Na uku shi ne wanda ɗalibai suka fi mantawa da shi, kuma shi ne ya sa nake cewa shinge ɗaya ba ya aiki. Mai karatu ma yana birkita nasa jerin. Wutsiya a nan ita ce lambar gurbin da zai ɗauka na gaba.

    if (kai != wutsiya)
        s = zobe[wutsiya];

A idonka sai an duba sharaɗin kafin a taɓa zoben. CPU mai gaggawa ba ya jira. Yana hasashen cewa sharaɗin zai cika, tunda ya saba cika, sai ya ɗauko zobe[wutsiya] tun karatun kai bai dawo ba. Adireshin gurbin daga wutsiya ya fito, wadda take hannunsa, don haka ba abin da ya hana shi. Daga baya kai ya iso da sabuwar lamba, hasashe ya zama gaskiya, sai ya riƙe abin da ya ɗauko da wuri. Wato ɗan'uwan naka ya leƙa sito da asuba ya ga abin da ke ciki, da hantsi ka kira shi bayan motar ta sauke kaya da gaske, amma bai sake leƙawa ba, ya yi ciniki da abin da idonsa ya gani da asuba. Kai ka yi komai daidai, ka jira mota ta isa kafin ka kira, duk da haka an sayar da tsohon goro. x86 ba ya barin karatu ya bayyana kamar ya tsallake karatu. ARM, POWER da RISC-V suna bari.

Gyaran zobenka gajere ne. Mai rubutu:

    w = smp_load_acquire(&z->wutsiya);
    if (akwai_wuri(kai, w)) {
        zobe[kai] = sako;
        smp_store_release(&z->kai, (kai + 1) & (GIRMA - 1));
    }

Mai karatu:

    k = smp_load_acquire(&z->kai);
    if (k != wutsiya) {
        s = zobe[wutsiya];
        smp_store_release(&z->wutsiya, (wutsiya + 1) & (GIRMA - 1));
    }

Waɗannan biyun sun shigo kanel a 3.14, a 2014. Rubutun saki, wato smp_store_release(), yana cewa: duk karatu da rubutun da na yi kafin nan, sai sun tabbata kafin a ga wannan rubutun. Karatun karɓa, wato smp_load_acquire(), yana cewa: duk abin da zan taɓa bayan nan, ba zai riga wannan karatun ba. In karɓa ya karanto lambar da saki ya rubuta, to duk abin da mai rubutu ya yi kafin sakin ya tabbata a idon mai karatu. A arm64 umarni ɗaya-ɗaya ne, stlr da ldar. A x86 mov ne na kullum da ɗaurin kompaila, ba ka biya komai ba.

Ka lura tagwaye biyu ne a nan, ba ɗaya ba. Na lambar kai ka tambaya, domin shi ya cije ka. Na wutsiya yana nan yana jiran ranarsa: in mai karatu ya matsar da wutsiya kafin ya gama kwashe saƙon, mai rubutu zai ga wuri ya samu ya zuba sabo a kan wanda ake cikin karantawa. Ba za ka ga wannan ba sai ranar da zoben ya cika maƙil, wato ranar da malamanka suka taru suna kallo. Masu gwaninta sukan bar READ_ONCE() kawai a karatun wutsiya, su dogara da cewa CPU ba ya fitar da rubutu bisa hasashe, sai sharaɗin da ya rataya a kai ya tabbata. Gaskiya ne, kanel ma ya yarda da hakan. Amma wannan dogaro daga karatu zuwa rubutu kawai yake aiki, ban da karatu zuwa karatu, kuma kompaila yana iya rushe shi in ya ga rassan if ɗin biyu suna rubuta abu ɗaya ya fitar da rubutun waje. Ni dai a aikin ɗalibi ba zan yi wannan cinikin ba. Sa karɓa ka huta.

Akwai tsohuwar hanya da za ka gani birjik a kanel: smp_wmb() tsakanin rubutu biyun, smp_rmb() tsakanin karatu biyun. Tana aiki a tagwayen kai. A arm64 dmb ishst ne da dmb ishld, a x86 kuma ba su zama umarnin komai ba. Na fi son saki da karɓa domin sunan gurbin yana jikinsu, mai duba kod ya nemi z->kai ya ga abokin nan take. Smp_wmb() kuwa tsaye yake shi kaɗai a layi, sai ka yi tone-tone ka gano da wa yake magana. Kuma bai isa ga wutsiya ba, domin can karatu ne ake so ya riga rubutu, shi kuwa rubutu da rubutu kawai ya sani.

Yanzu ga abokinka mai watsa smp_mb(). In ka bi shawararsa matsalar za ta tafi, ba zan ɓoye maka ba. Amma abin da yake zato game da shinge ba haka yake ba. Mutane suna ɗauka shinge wani bulala ne da ke kora rubutu ya isa da sauri, ko tsintsiya mai share kash. Ba ko ɗaya. Rubutunka zai isa da shinge ko ba shinge, cikin ƙasa da ƙiftawar ido. Shinge jeri kawai yake tsarawa: wannan kafin wancan, a CPU ɗin da ya gudanar da shi. Ba ya shiga CPU na maƙwabci ya hana shi gaggawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Duk shingen da ka rubuta, dole ka iya nuna min abu huɗu da yatsa: taɓawa biyu da yake rabawa a nan, da taɓawa biyu da abokinsa yake rabawa a can. In ba ka iya ba, ko dai ba a bukatarsa, ko kuma akwai rami a wani wuri da ka rufe da tabarma. Shi ya sa checkpatch.pl, mai duba kod ɗin kanel, yake ƙorafi in ya ga shinge ba bayani a kansa, masu kula da kanel kuma abin da suke fara tambaya ke nan: da wa ya haɗu?

Kada kuma ka tafi da tunanin cewa Intel ba ta birkita komai. Akwai birkici ɗaya da take yi, kuma daga aljihun nan yake fitowa: karatu yana iya riga rubutun da ya gabace shi in wurarensu daban ne. A ce x da y duk sifili ne.

    CPU 0:  x = 1;  r0 = y;
    CPU 1:  y = 1;  r1 = x;

Zauna da biro ka jera layukan nan huɗu duk yadda kake so, ba za ka samu r0 da r1 duk sifili ba. A laftof ɗinka kuwa za ka samu, in ka maimaita gwajin da yawa. Kowane CPU ya jefa rubutunsa a aljihu, ya leƙa littafi ya ga na ɗan'uwansa bai shiga ba. Alhazai biyu ne, kowa da takarda a aljihu, kowa yana cewa ɗayan bai biya ba. A nan saki da karɓa ba sa ceto, domin saki baya yake tsarewa, karɓa kuma gaba, ba wanda ya tsare ratar da ke tsakanin rubutu da karatun da ke biye da shi. Nan ne gidan smp_mb() na gaskiya, ɗaya a kowane ɓangare. A x86 umarni ne mai lock a kan tarin ajiyar zaren, wanda ke tilasta a juye aljihu kaf kafin a ci gaba. A arm64 dmb ish ne, a POWER sync.

Wannan ba wasan allo ba ne, kuma zai same ka a mataki na gaba na aikinka. Yau mai karatunka yana juyawa yana duba kai. Gobe za ka so ya yi barci in zoben ya zama fanko, mai rubutu ya tashe shi. Mai barci yana rubuta "na kwanta", sannan ya karanta "akwai saƙo?". Mai tashi yana rubuta "akwai saƙo", sannan ya karanta "akwai wanda ya kwanta?". Ka ga x da y sun dawo da wata riga. In duka biyun suka ga sifili, wannan ya kwanta, wancan bai tashe shi ba, direbanka ya yi shiru ba kuka ba saƙon kuskure. Shi ya sa set_current_state() yake ɗauke da cikakken shinge a cikinsa, shi ya sa kuma akwai dogon gargaɗi a saman waitqueue_active(), aka yi wq_has_sleeper() mai shinge a ciki don masu son gajerar hanya. Kai dai ka yi amfani da wait_event_interruptible() da wake_up_interruptible() yadda suke, kada ka yi dabarar duba layin kafin ka tashe shi. An riga an sha wannan wahalar dominka.

Batun printk kuwa, bai gyara komai ba. Tagar da kuskuren ke shigowa ta 'yan nanosakan ce, printk kuma aiki ne mai nauyi, da nasa makullai da shingaye a ciki. Ka sa shi tsakanin layuka biyun, kafin ya gama motar ta daɗe da isa Nima. Duk kuskuren da ya gudu da ka kunna fitila, ka fara zargin tsere tsakanin CPU.

Abu biyu da za ka ci karo da su, in faɗe su da sauri. Makulli yana zuwa da jerinsa: spin_lock() karɓa ne, spin_unlock() saki ne, don haka duk abin da ke cikin makulli ba ya bukatar shingenka. Sai dai ɗaki ne mai ƙofar shiga kawai, abin da ke waje yana iya zamewa ciki, na ciki ne ba ya fita, don haka kada ka ɗauke shi a matsayin smp_mb(). Ayyukan atomik kuma tarko ne: atomic_inc() ba ya tsara jerin komai, ƙidayar kawai yake karewa. Masu dawo da amsa irin atomic_inc_return() su ne cikakken shinge, cmpxchg() kuma sai in ya yi nasara. A x86 duk suna da lock don haka ba ka ganin bambanci, sai ka hau ARM. Girman wannan rata ya kai da Apple ta fitar da M1 a 2020, sai da ta sa masa wani yanayi a cikin ƙarfen kansa mai bin jerin x86, don manhajojin Intel da Rosetta 2 ke fassarawa su yi aiki ba tare da an cusa shinge a kowane lungu ba.

In ka karanta memory-barriers.txt, wanda David Howells ya fara a 2006, Paul McKenney da wasu suka yi ta faɗaɗawa, za ka ga ana yawan ambaton Alpha na kamfanin DEC. Wannan injin shi ne ya fi kowa taurin kai. A sauran injina, in ka karanto manuni, wato gurbi mai ɗauke da adireshin wani gurbi, sannan ka bi shi, abin da ka tarar ba zai girmi manunin ba, domin ba ka san inda za ka ba sai manunin ya iso. Wasu injinan Alpha kash ɗinsu a rabe yake gida biyu, rabi yana iya samun labari kafin rabi, sai ka riƙe sabon manuni ka tarar da tsohon kaya. Shekara da shekaru kanel yana jan smp_read_barrier_depends() saboda shi, har aka cusa shi cikin READ_ONCE() a 4.15, aka share sunan a 5.9. RCU, dabarar da ke barin masu karatu su karanta ba makulli, wanda ya shiga kanel a 2002, a kan wannan dogaro na manuni yake tsaye: rcu_assign_pointer() saki ne, rcu_dereference() kuma kusan kyauta ne. Zobenka bai samu wannan rangwamen ba, domin kamar yadda na ce, adireshin gurbinka ba daga kai ya fito ba.

Akwai inda ni ma na sha kashi, kuma tunda direba kake rubutawa gara ka ji. A 2015, ana tsakiyar dumsor, lokacin yawan ɗauke wuta, ina aiki da wani ɗan kamfani nan Accra a kan allo mai ARM na bit 32, CPU ɗaya tal. Muna cika takardar umarni a memori, adireshi da tsawo, sannan mu kunna bit ɗin da ke ce wa na'urar DMA, mai taɓa memori da kanta ba ta CPU ba, "naki ne, ɗauka". Na sa smp_wmb() a tsakani, ina ji da kaina. Sau ɗaya a kwana 2 ko 3 na'urar takan aika fakiti mai tsawon da ba mu rubuta ba. Mun ɗora wa wuta laifi, wa zai ƙi a lokacin? Muka canza adafta, muka sayo batir, muka yi mako 2 muna zargin janareta. Ranar da na buɗe abin da kompaila ya fitar da objdump, na zura ido tsakanin str, wato umarnin rubutu, na tsawo da str ɗin bit, ban ga komai ba. Wayam. An gina kanel ɗin ba CONFIG_SMP, kuma a irin wannan ginin duk mai smp_ a gaba yana komawa ɗaurin kompaila kawai, tunda ba wani CPU da za a yi wa jeri. Na manta na'urar ma mai kallo ce. Muka sa wmb() abin ya mutu a ranar. Kanel ɗinmu tsoho ne, da ya kai 3.19 da dma_wmb() zan sa, wanda aka yi musamman don wannan kuma ya fi sauƙi. Ka riƙe wannan rabon: smp_ tsakanin CPU da CPU ne, dma_wmb() da dma_rmb() tsakanin CPU da na'ura a memorin da suke tarayya, writel() kuma yana jiran rubutun memorin da ya gabace shi kafin ya buga wa na'ura ƙararrawa, amma writel_relaxed() ba ya jira.

Kada ka ce "na gyara, ya kwana 3 bai faɗi ba". Ka riga ka ga abin da kwana 3 ke nufi. Tun 4.17, a 2018, kanel yana da ƙa'idar jerinsa a rubuce yadda inji zai iya bincikawa, a tools/memory-model, aikin Jade Alglave, Luc Maranget, Andrea Parri, Alan Stern da McKenney. Ka saka herd7, ka shiga wannan jakar ka buga:

    herd7 -conf linux-kernel.cfg litmus-tests/MP+poonceonces.litmus

Wannan shi ne zobenka ba shinge, an rage shi zuwa layi huɗu. A ƙasa za ka ga kalmar Sometimes, wato mummunan sakamakon halal ne ya faru. Sannan ka gwada MP+pooncerelease+poacquireonce.litmus, za ka ga Never. Herd7 ba gudanar da kod yake yi yana fatan sa'a ba, duk jerin da ƙa'ida ta yarda da shi yake bi ɗaya bayan ɗaya. Kwafi fayil ɗin, ka cire karɓa ka bar saki shi kaɗai, ka ga amsar ta koma Sometimes da idonka. Ka yi haka da SB+poonceonces da SB+fencembonceonces ma. Wannan gwajin da sakamakonsa, in ka sa su a babi na 4 na rahotonka, sun fi hoton allo mai cewa komai lafiya. Akwai kuma KCSAN, da ya shigo a 5.8, mai kama taɓawar da aka yi tsere a kanta ba alama, wanda daga 5.17 yake iya gano wasu shingayen da suka ɓata. Gina kanel na gwaji da shi ka bar direbanka ya kwana a ciki.

Tambaya ɗaya zan mayar maka kafin ka taɓa kod ɗin: ka tabbata mai rubutu ɗaya ne? In saƙo yana shigowa daga katsewar na'ura kuma akwai wata hanya, ko ioctl ko agogo, da ita ma take zubawa a zoben, to masu rubutu biyu gare ka, kuma ba shingen da zai hana su faɗa wa gurbi ɗaya. Wannan aikin spin_lock_irqsave() ne. In kuwa ɗaya ne da gaske, ka buɗe include/linux/kfifo.h ka duba, zobe ne na mai rubutu ɗaya da mai karatu ɗaya da aka daɗe ana amfani da shi ba makulli. Don karatu, rubuta naka ka fahimce shi. Ka raba kai da wutsiya kowa da layin kash ɗinsa da ____cacheline_aligned_in_smp, in ba haka ba CPU biyun za su yi ta fizgar bayit 64 ɗaya a tsakaninsu. In ka gama ka turo min fayil ɗin da abin da herd7 ya fitar, ko in hutu ya kawo ka Accra ka zo da Pi ɗin Maamobi mu kunna shi tare.